Gurbin da Tifa Ke Bari: Makomar Wuraren Fasa Dutse a Ƙasar Yawuri



Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta taso daga Kontagora, ta ratsa Yelwa, ta nufi Koko da Jega, ya san tifa. Tana tafe tana nishi da lodin tsakuwa ko yashi ko jar ƙasa, tana zubar da kaɗan-kaɗan a kan kwalta, masu babura na kauce mata. Kowa ya san inda kayan za su: gada, kwalbati, ajin makaranta, harsashin gidan wani attajiri. Kaɗan ne ke waiwayar inda suka fito. Alhali kowace tifa da ta cika ta tashi, ta bar gurbin abin da ta ɗauka a gonar wani ko a jikin dutsen wani gari, kuma gurbin nan ba ya cikewa da kansa.

Ƙasar Yawuri, wato ƙananan hukumomin Yawuri da Ngaski da Shanga, tana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, irin wanda masu kwangilar hanya ke nema ruwa a jallo. In aka yi arewa, wajen Birnin Kebbi da Argungu, ƙasar ta koma yashi da laka da dutse mai taushi. Saboda haka muddin ana manyan ayyuka a Jihar Kebbi, irin titin Sakkwato zuwa Badagry da aka ƙaddamar a watan Oktoban 2024, buƙatar dutsen kudancin jihar ba za ta ragu ba. A cikin wannan dutsen ne kuma zinariyar Birnin Yawuri take, wadda ake haƙa tun zamanin Turawa. Kebbi na ɗaya daga cikin jihohi biyu da gwamnatin tarayya ta fara gwada shirin PAGMI na masu haƙar zinariya na gargajiya a 2020, kuma a 'yan shekarun nan garin Libata na Ngaski ya shiga bakin duniya saboda ma'adinin litiyam da ake yin batir da shi. Haƙa dai ta zo ƙasar nan, kuma babu alamar za ta tafi da wuri.

Tambayar da sharhin yau ya ɗauko ita ce: ranar da dutsen ya ƙare, ko kwangilar ta ƙare, me wurin zai zama? Amsarta kuwa dole a ba da ita yanzu, tun nakiya tana tashi, tun katafila tana wurin.

Akwai dalilin da ya sa wannan tambaya ta fi nauyi a bakin tafkin Kainji fiye da wurare da yawa. An fara ginin madatsar a 1964, ruwa ya taru a 1968, ya haɗiye tsohuwar Bussa da tsibirai da fadamu masu albarka, aka tayar da kimanin mutum 44,000 daga garuruwa da ƙauyuka sama da 200. Gungawa da suka shahara da noman albasa a tsibiran kogin Kwara, da Kambari, da Shangawa, da Lopawa, da Sarkawa masunta, duk sun san abin da ake nufi da a rasa ƙasa. Har yau tafkin ba ya tsayawa wuri ɗaya: farin ruwa na zuwa da damina, baƙin ruwa na isowa daga duwatsun Gini a lokacin sanyi, tafkin ya hau ya sauka da kusan mita 10 a shekara. Ambaliyar 2012 da ta 2020 da ta 2022 sun nuna wa mutanen bakin ruwa cewa gidan da ke kwari aro ne. Ga kuma waɗanda 'yan bindiga suka kora daga ƙauyukansu, suna raɓe a gidajen 'yan uwa a cikin gari. A irin wannan ƙasa, tudu mai tauri wanda ruwa ba ya kaiwa, kuma mota na isa gare shi rani da damina, dukiya ce babba. Wurin fasa dutse kuwa kusan kullum a irin wannan tudu yake.

Bari a dubi yadda aikin ke gudana. Kamfani ya zo, ya share daji, ya ture ƙasar saman da ake nomawa gefe guda, galibi ya cakuɗa ta da tarkace. Sai masu huda dutse su jera ramuka, a ɗura nakiya, a busa jiniya, a tare hanya. Ƙara ta tashi, kwanon rufi ya girgiza, awaki su watse. Katafila ta kwashi manyan duwatsun zuwa injin niƙa, inda ake rarrabe su gwargwadon girma, daga manya na harsashi har zuwa garin dutse da ake buga bulo da shi. A gefen shinge akwai wata kasuwar daban: mata da samari zaune ƙarƙashin rumfar buhu, kowa da guduma da zoben tsohuwar taya da yake riƙe dutse a ciki don kada ɓarɓashi ya fallatsa masa a ido, suna fasa abin da injin ya bari, suna sayarwa kwano-kwano. Masu abinci sun kafa tukwane, mai faci ya kafa injinsa. Gari guda ya tsiro a kan ƙura.

Ranar tafiya ba a yin shela. Wata safiya dai a ga manyan motoci sun ɗora injina sun fice. Abin da ya saura shi ne bango a miƙe mai tsayin bene, da ramin da damina ɗaya ta isa ta cika shi, da tsibin duwatsun da ba su sayu ba. Ruwan irin wannan rami ba ya da gaɓa. Taku ɗaya daga bakinsa zurfin ya wuce tsayin mutum, kuma jikin dutsen santsi ne da shi. Yaron da ya saba wanka a bakin tafki, inda ruwa ke zurfi a hankali, ba ya da labarin wannan bambanci. Saniyar da ta zame ta faɗa ba ta da inda za ta dafa ta fito.

Abin takaicin shi ne, yawancin wannan ɓarna ana iya kauce mata da injinan da suka yi ta. Katafilar da ta ture ƙasar noma za ta iya tara ta wuri guda tun ranar farko, a shuka mata ciyawa, ta jira lokacin da za a mayar da ita. Mai ɗura nakiya da ke yanka bango a miƙe zai iya yanka shi hawa-hawa kamar matakala, in an gaya masa tun da wuri siffar da ake son ramin ya ƙare da ita. Tifar da ke komawa cikin ramin wayam za ta iya shiga da tarkacen da za a cike wani sashe da shi. Duk waɗannan, yayin da ake cikin aiki, ƙarin man gas ne na 'yan kwanaki. Bayan kamfani ya tafi kuwa, sai ƙaramar hukuma ta yi hayar injina daga Sakkwato ko Minna, ta biya kuɗin ɗauko su da mayar da su, abin da kasafin Shanga ba zai ɗauka ba. Hausawa sun gama magana da suka ce tun ran gini tun ran zane.

Doka ma ta san da haka. Dokar Ma'adanai da Haƙa ta 2007 ta ce ma'adinai mallakar gwamnatin tarayya ne, amma ba a ba da lasisi a kan filin wani sai an sanar da mai filin ya amince. Lasisin fasa dutse na shekara 5 ne, ana sabunta shi, kuma filin ba ya wuce murabba'in kilomita 5. Sashe na 116 ya wajabta wa mai lasisin ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da garin da zai yi aiki a cikinsa kafin ya soma, kuma a sake duba ta duk shekara 5. Dokar ta kuma nemi ya gabatar da tsarin kare muhalli da gyara wurin bayan aiki, ya riƙa zuba kuɗi a wani asusu da aka tanada don wannan gyaran. A kowace jiha akwai kwamitin ma'adanai da muhalli da ake kira MIREMCO, wanda jami'an filaye da na gona da na muhalli ke zaune a cikinsa. A 2013 hukumar kare muhalli ta NESREA ta fitar da ƙa'idojinta na fasa dutse da tayar da nakiya, waɗanda suka hana kafa irin wannan aiki kusa da gidajen jama'a.

Rubutu ya yi kyau. Inda gizo ke saƙa shi ne zaman yarjejeniyar. Sau da yawa abin da ake tattaunawa a zauren hakimi bai wuce rijiyar burtsatse ba, da aji biyu, da gurbin masu gadi ga samarin gari, da buhunan shinkafa lokacin azumi. Duka abubuwa ne masu amfani, ba wanda zai raina su. Sai dai burtsatse kan lalace cikin 'yan shekaru, ramin kuwa jikoki za su gaje shi. Ba kasafai ake jin wani dattijo ya ce a kawo taswirar yadda wurin zai kasance ranar rufewa ba, domin ba a taɓa gaya masa yana da ikon tambaya ba. Ma'aikatar ma'adanai ta tarayya da kanta ta lissafa wuraren haƙa sama da 1,000 da aka yi watsi da su a faɗin Najeriya. Kowane ɗayansu akwai ranar da injina ke cikinsa.

Misalin da ya fi dacewa a duba yana Mombasa, a gabar tekun Kenya. Kamfanin siminti na Bamburi ya yi shekaru yana yankar dutsen farar ƙasa, yana barin fili fari fat, ba ko ciyawa, ruwan ƙarƙashinsa ma da gishiri. A 1971 wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Suwizalan mai suna René Haller, ma'aikacin kamfanin, ya fara gwada itatuwa iri 26 a wurin. Uku kawai suka rayu. Wanda ya fi jurewa, wani itace mai ganye kamar allura, ya riƙa zubar da ganyen da ba ya ruɓewa, sai Haller ya kawo ƙadandoniya masu jajayen ƙafafu suka riƙa cinye shi suna mayar da shi taki. A hankali ƙasa ta samu, aka haƙa tafkunan kiwon karfasa, aka shuka itatuwan gida. Yau wurin daji ne da ake kira Haller Park, 'yan makaranta da baƙi na biyan kuɗi su shiga. Abin lura a nan shi ne kamfanin bai rufe ba. Yana yankar dutse a gaba, ana gyara inda ya wuce a baya, da injinansa da kuɗinsa.

A Ingila, a yankin Kent, an buɗe babbar kasuwar Bluewater a 1999 a cikin tsohon ramin alli, kuma a ramin da ke maƙwabtaka da ita aka ba da izinin gina gidaje sama da 6,000 a sabon garin Ebbsfleet. Can fili na da tsada ƙwarai, shi ya sa kwashe ƙasa da cike rami ke biyan kansa. Shanga ba ta da wannan lissafin, kuma bai kamata a yaudari kowa da hotunan irin waɗannan wurare ba.

Darussan da suka fi kusa suna gida. A Filato, haƙar kuza da aka fara tun farkon ƙarni na 20 ta bar ɗaruruwan tafkuna. Wasu sun ci rayuka, wasu kuma manoman rani sun mayar da su abin dogaro, suna ban ruwan dankalin Turawa da kabeji da karas, har wurin shaƙatawa na Rayfield a Jos a bakin irin wannan tafki yake. Amfanin ya zo ne da dabarar manoma, ba wanda ya tsara shi. A Mpape ta Abuja, wani ramin da aka fasa dutsen gina babban birnin ya cika da ruwa, aka manta da shi shekara da shekaru, sai a 2020 hotunansa suka bazu a intanet, jama'a suka yi ta tururuwa, ba shinge, ba bayan gida, ba mai ceto. A Kano kuwa, kududdufan da aka haƙa don ginin ganuwa da gidajen birni sun daɗe suna karɓar ruwan sama. Da fili ya yi tsada aka bi su da shara ana cikewa ana gini a kai, ruwan ya rasa wurin zuwa sai cikin gidaje.

To, a ina za a sa gidajen? Nan ne ake buƙatar natsuwa, domin wanda ya ga shimfiɗaɗɗen dutse a ƙasan rami zai ɗauka ya samu harsashi kyauta. Magini ya san ba haka ba ne. A kan falalen dutse ba a haƙa masai, ba a haƙa rijiya, ba a binne bututun ruwa, ba a dasa ko bishiyar darbejiya. Ruwan wanka da na wanke-wanke ba ya nutsewa, sai ya kwanta a ƙofar gida. Ga zafi: a Yelwa ma'aunin zafi kan haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, kuma dutse na shan rana wuni guda ya riƙa amayar da ita har tsakar dare, a cikin rami inda iska ba ta ratsawa. In kuma ƙasan ramin ya fi ƙasar da ke kewaye da shi zurfi, duk ruwan saman unguwar can zai gangara.

Gindin bango ya fi wannan haɗari. A watan Satumban 2008, cikin azumin Ramadana, wani ɓangare na dutsen Muƙaɗɗam a birnin Alƙahira ya ɓalle ya faɗa kan unguwar talakawa ta Duwaiƙa, mutum sama da 100 suka rasu. An shekara aru-aru ana yankar dutsen gini a wannan tsauni, mutane suka yi gidaje a sama da ƙasa, ruwan ƙazanta na gidajen sama ya riƙa tsiyaya cikin tsagogin dutsen har ya saki. Dutsen Yawuri ya fi na Alƙahira tauri, amma nakiya na barin tsaga a jikin kowane irin dutse, kuma saiwar itace da ruwan damina ba sa gajiya. Haka nan wurin da aka cike da tarkace: sai ya sha damina da yawa yana zama kafin ya ɗauki gini, in ba haka ba bango ya tsage tun ba a yi fenti ba.

Wurin da ya dace da gidaje shi ne wanda ba a cika kallo ba, wato farfajiyar kamfanin. Inda injin niƙa ya zauna, da garejin motoci, da ofis, da ɗakunan ma'aikata, da filin da ake tara tsakuwa. Fili ne da aka riga aka baje, manyan motoci suka daddaɓe shi shekaru, yana da hanyar da ta haɗa shi da kwalta, sau da yawa yana da burtsatse da tankin ruwa, wani lokaci har da turakun lantarki. Waɗannan su ne abubuwan da ke cinye kuɗin sabuwar unguwa kafin a ɗora bulo ɗaya. In an rubuta a yarjejeniya cewa kamfani zai bar su a tsaye, ya kwashe ƙasar da baƙin mai ya jiƙa, ya mayar da ƙasar noman da aka tara, ya kuma bar wa gari garin dutsen da ya rage don buga bulo, to rabin aikin ya kammala. Sharaɗi ɗaya ne ba a sassautawa: ba mai tarewa sai nakiya ta daina tashi kwata-kwata, domin ƙurar dutse na lalata huhu sannu a hankali, kuma ba ta da magani.

Shi kuwa falalen dutsen da bai dace da ɗaki ba, yana da aikin da ƙasar Yawuri ke matuƙar buƙata. Lokacin kaka, a dubi gefen kwalta: shinkafa shanye, barkono shanye, rogo shanye, motoci na bi ta kai, ƙura da baƙin mai na sauka, mata na tsere da tireloli. Shimfiɗaɗɗen dutse mai tsabta, wanda aka ɗan karkata shi don ruwa ya zurare, filin shanya ne da ba a kashe masa ko buhun siminti ba. Gefensa za a iya kafa rumfunan ajiyar albasa masu shan iska, albasar da manoma ke sayarwa da arha lokacin girbi don tsoron ruɓewa. Zai ɗauki tashar manyan motoci, ko kasuwar hatsi, ko wurin banda kifi nesa da gidajen kara. Sashen da aka mayar wa ƙasa kuma ya zama filin ƙwallo ko filin idi.

Ruwan ramin ma ba abin zubarwa ba ne, in an shirya masa. Ƙauyukan da ke nesa da tafki a Shanga da Ngaski sun san wahalar ruwan dabbobi a bazara. In tun ana aiki aka bar gefe ɗaya da gangare mai sauƙi, an sami mashaya, an kuma rage wani dalilin rikici tsakanin makiyaya da masu lambu a bakin fadama. Sauran gefunan a katange su da manyan duwatsun da ba su sayu ba. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa tana nan Sabuwar Bussa, a bakin wannan tafkin, kuma aikinta ne ta auna ruwa ta faɗi ko zai ɗauki tarwaɗa ko karfasa. Amma a yi maganar da ba a so: ruwan da ke kwance gidan sauro ne, kuma dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya, cutar da ta daɗe tana damun yaran bakin Kainji, ba ya jinkirin samun sabon wuri. Duk tsarin da bai sa ma'aikatan lafiya a ciki ba, ya bar ƙofa a buɗe.

Ramukan zinariya hukuncinsu daban ne, kuma a nan babu wasa. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, ƙurar na sauka inda yara ke rarrafe. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje ɗaya bayan ɗaya aka binne, aka kawo sabuwa. Garin Bagega bai samu wannan aiki ba sai 2013. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu. Dalma ba ta ruɓewa, ba ta da wari, ido ba ya ganinta. Duk filin da aka taɓa niƙa dutsen zinariya ko wanke shi da sinadarin makuri, kada a yanka shi fuloti, kada a yi makaranta ko lambu a kai, sai an ɗebi ƙasarsa an auna. Ga kuma ramukan da suka bi ta ƙarƙashin ƙasa, waɗanda ba wanda ya zana taswirarsu. Mahaƙan da suka shiga su ne kaɗai suka san inda suka nufa, don haka a tambaye su tun suna nan.

In an zo kan siffar gidajen kansu, mutanen wannan ƙasa ba sa buƙatar malami daga waje. Lokacin tashin Kainji, Hukumar Madatsun Neja ta gina wa waɗanda aka tayar gidaje na bulon siminti da rufin asbestos, bisa zanen wani Bature mai suna Robin Atkinson. An yi ƙoƙari, har an kwaikwayi siffar ɗakunan gargajiya. Duk da haka mutane da yawa sun koka da zafin ɗakunan da ƙanƙantarsu, rufin in ya fashe ba mai iya gyara shi a ƙauye, wasu suka gina ɗakunan ƙasa da jinka a gefe suka koma ciki, wasu suka bar gidajen gaba ɗaya suka bi gona ko bakin ruwa. Gidan manomi ba ɗakin kwana kaɗai ba ne. Akwai zaure, akwai rumbu, akwai turken dabbobi, akwai inda ɗa zai yi ɗakinsa in ya yi aure. Masunci na son ya ga jirginsa. Kuma matar gida ce ta san inda murhu zai zauna hayaƙi bai cika ɗaki ba, amma ita ce ba a kira taro. Zai fi alheri a yanka filaye masu faɗi, a kai ruwa da hanya da magudana, a bar kowa ya gina irin nasa da taimakon kayan aiki, maimakon a jera ɗakuna iri ɗaya don hoton ranar buɗewa.

Saura batun da ya fi kowanne haddasa rigima: na wane ne filin bayan lasisi ya ƙare? Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna bisa amana, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallaka ta gargajiya a karkara. Yau wurin ƙura ne, ba mai so. Ranar da ya zama fili mai hanya da ruwa, masu hannu da shuni za su bayyana da takardu. Adalci shi ne iyalan da aka karɓi gonakinsu su zamo a sahun farko, sai waɗanda ambaliya ko rashin tsaro ya raba da muhallinsu, kuma a rubuta sunayen yanzu, a gaban dagatai da limamai, a ajiye kwafi a fadar hakimi da sakatariyar ƙaramar hukuma. Matan nan masu guduma da zoben taya su ma suna da haƙƙi. Rufe wurin rufe abincinsu ne, don haka rumfunan farko na sabuwar kasuwa ko filin shanya nasu ne.

Masu iya tsayawa kan wannan aiki suna nan. Masarautar Yawuri na ƙarƙashin Mai Martaba Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, masanin da ya taɓa shugabantar Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, kuma kalmar fada na da nauyi wajen hakimai da kamfanoni baki ɗaya. Hukumar raya yankunan da ke samar da lantarki ta ruwa, wadda aka fi sani da HYPPADEC, an yi dokarta a 2010, ta soma aiki sosai bayan shekara 10, kuma tsugunar da mutanen bakin ruwa na cikin abin da aka kafa ta dominsa. Gwamnatin jiha ta nuna tana da ƙarfin taka birki, tun da a 2023 ta dakatar da haƙar ma'adinai a faɗin Kebbi. Ƙarfin da ya iya dakatarwa zai iya gindaya sharaɗi.

Lokacin da gari ke da ta cewa shi ne lokacin sabunta lasisi da sake duba yarjejeniya, duk shekara 5, sa'ad da kamfani ke buƙatar sa hannun jama'a. A wannan zama ya kamata hakimi da shugaban ƙaramar hukuma su nemi a shimfiɗa taswirar rufewa a kan tabarma, a fassara ta da Hausa da harshen mutanen wurin, a nuna inda aka tara ƙasar noma, da zurfin da ramin zai tsaya, da gefen da za a bar wa dabbobi, da shaidar kuɗin da aka zuba a asusun gyara. Sannan a zaɓi sashe ɗaya da aka gama fasawa, a ce a gyara shi cikin wannan rani, jama'a su je su gani da idonsu kafin a sa hannu a kan shekara 5 masu zuwa.